Layi ɗaya, huɗu ko takwas: wa ke yanke faɗin hanyar katin memori?

Kusan duk katin memori na dangin SD da aka zura a na'ura, tsohon yayi ne ko sabon fitowa, da layi ɗaya tal yake fara magana. Ƙa'idar SD ce ta tsara haka, ta eMMC, memorin da ke liƙe a cikin na'ura, ma haka take. Da zarar wuta ta shiga katin, ko aka aika masa umarnin CMD0 mai mayar da shi farko, sai ya koma kan layin bayanai guda, wanda ake kira DAT0, agogon da ke kaɗa masa kuma ba ya wuce 400 kHz. Sauran layukan suna kwance babu aiki. Direban kati, wato sashen babbar manhajar na'ura da ke hulɗa da shi, shi ke da alhakin ɗaga shi daga wannan rarrafe zuwa layi huɗu ko takwas. A cikin manhajar aikin bai wuce 'yan jimloli ba, amma yana daga cikin wuraren da masu haɗa sabon allon na'ura suka fi shan wahala, kuma dalilin wahalar ba a cikin jimlolin yake ba.

Bari mu fara da abin da ake nema. Katin SD mai cikakken girma ƙafa tara gare shi: ɗaya ta agogo, ɗaya ta umarni, huɗu na bayanai daga DAT0 zuwa DAT3, sauran ukun na wuta. Kakansa, katin MMC da SanDisk da Siemens suka fitar a 1997, ƙafa bakwai yake da ita, layin bayanai guda. Da SanDisk da Panasonic da Toshiba suka kawo SD a 1999 sai suka kai layukan huɗu, daga baya MMC ya yi tsalle zuwa takwas, kuma wannan takwas ɗin ne eMMC ya gada, wato memorin da ake liƙawa da dalma a jikin allon waya da ƙananan kwamfutoci. Lissafin ribar ba shi da wuya. A kowane bugun agogo, kowane layi yana ɗaukar bit guda. Idan agogo yana gudun 25 MHz, layi ɗaya zai kai megabayit 3 da ɗan ɗori a daƙiƙa, layi huɗu kuwa megabayit 12.5. A 50 MHz, layi huɗu ya ba da 25. Ba a ƙara wa agogo gudu ba, ba a taɓa ƙarfin lantarki ba, amma an ninka aiki sau huɗu.

Ninkin bai cika huɗu cif ba, ga mai son ƙididdiga. Ana aika bayanai ne dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule bayit 512, wato bit 4096. Kowane layi yana buɗewa da bit ɗin farawa, ya rufe da lambar tantancewa ta CRC mai bit 16 da bit ɗin ƙarewa. A layi ɗaya dunƙulen na cin bugu 4114, a layi huɗu 1042, a layi takwas 530. Abin lura a nan shi ne kowane layi da nasa CRC ɗin daban. Layi ɗaya ya yi kuskure, dunƙulen gaba ɗaya ya lalace, ko da sauran ukun sun iso lafiya.

To wa ke yanke cewa a tafi huɗu? A nan gizo ke saƙar. Masu ruwa da tsaki uku ne, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Akwai katin kansa. Akwai mai sarrafa kati, wato da'irar da ke cikin firosesa ko wani guntu na daban, wadda ke kaɗa agogo tana tura bit kan layuka. Sai na uku, allon da aka ɗora su, da zaren tagullar da aka ja daga ƙafafun firosesa zuwa ramin kati. Biyun farko ana iya tambayarsu su ba da amsa. Na ukun bebe ne. Babu rajista, wato ɗan gurbin ajiye bayani a cikin guntu, da direba zai karanta ta gaya masa ko mai zanen allo ya ja layi huɗu ko ya tsaya a ɗaya, ko ya ba wani aiki ƙafafun DAT4 zuwa DAT7. Dole mutum ya rubuta wannan da hannunsa, direba kuma ya gaskata shi. A ganina kusan duk rikicin faɗin hanya daga wannan giɓin yake fitowa.

Tambayar katin SD tana da tsari sananne. Bayan an tashe shi da CMD0, CMD8 da ACMD41, an karɓi shaidarsa da adireshinsa ta CMD2 da CMD3, an zaɓe shi da CMD7, sai direba ya aika ACMD51 ya karanto wata ƙaramar rajista mai bit 64 da ake kira SCR. A cikinta akwai gurbi mai bit huɗu da ke faɗin irin faɗin da katin ya iya: bit na sifili yana nufin layi ɗaya, bit na biyu yana nufin layi huɗu. Ƙa'idar ta wajabta wa kowane katin SD na ajiya ya iya duka biyun, har ma Linux yana ƙin katin da ya zo da SCR ɗin da ya saɓa wa hakan. Saboda haka tambayar ta fi kama da cika sharaɗi. Daga nan sai ACMD6, tare da lamba 2 idan huɗu ake so, ko 0 idan ɗaya. Harafin A da ke gaban waɗannan umarnai yana nufin sai an gabatar da CMD55 kafin kowannensu.

Tsarin jerin matakan yana da muhimmanci: kati ake fara gaya wa, sannan a juya mai sarrafawa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ba tare da an rasa juna ba shi ne umarni yana bin layinsa na daban, wanda faɗin hanyar bayanai bai shafe shi ba. Ko da kati ya koma huɗu alhali mai sarrafawa yana kan ɗaya, suna iya gaisawa ta layin umarni. Abin da ba a yarda ba kawai shi ne a tura ko a karɓi bayanai a tsakanin matakan biyu. Idan kuma katin ya ƙi umarnin, direba bai riga ya taɓa rajistar mai sarrafawa ba, babu abin da zai warware.

Me ke faruwa in bakinsu ya saɓa? Ɗauki mai shifta da ya raba wa almajirai huɗu karatu, kowa da rabonsa, sai mai sauraro ya kasa kunne ga ɗaya kaɗai. A layi huɗu, kowane bayit ana raba shi biyu: rabin sama ya fita a bugu na farko, rabin ƙasa a na biyu. DAT3 na ɗaukar bit na 7 sannan na 3, DAT0 na ɗaukar na 4 sannan na sifili. Mai sarrafawar da ke sauraron DAT0 kaɗai zai kwashi bit biyu cikin kowane takwas, katin ya gama magana bayan bugu dubu da 'yan kai, shi kuwa yana jiran fiye da dubu huɗu. Abin da ya tara ba zai dace da CRC ba. In kuma akasin haka ne, mai sarrafawa yana kan huɗu kati yana kan ɗaya, to zai jira bit ɗin farawa a layuka ukun da ba wanda ke motsa su. Wasu masu sarrafawa su ce kuskuren farawa ne, wasu su ce CRC ne, wasu su jira har wa'adi ya ƙare. A Linux waɗannan ne ke fitowa da lambobin da duk mai wannan sana'a ya haddace: -84 na bayanan da suka iso a gurɓace, -110 na jiran da ba amsa.

Yanzu sai batun yadda ake ba beben baki. A da, a na'urori masu firosesa samfurin ARM, kowane allo yana da fayil ɗinsa a cikin ƙwayar Linux, wato zuciyar babbar manhajar, inda ake rubuta irin wannan bayani. Tun daga wajen 2011 aka riƙa komawa ga bishiyar na'urori, fayil ɗin da ke siffanta kayan da ke jikin allo daban da ƙwayar. A can, ƙarƙashin kowane mai sarrafa kati, ake rubuta sifar bus-width da lamba 1, 4 ko 8. Aikin mmc_of_parse ne ke karanta ta. In ya ga 8 sai ya ɗaga tutar MMC_CAP_8_BIT_DATA ya haɗa da ta huɗu, bisa hujjar cewa wanda ya iya takwas ya iya huɗu. In ya ga 4 ya ɗaga MMC_CAP_4_BIT_DATA kaɗai. In ya ga wata lamba daban, kamar 2, ya ƙi gaba ɗaya. In kuwa bai ga komai ba, sai ya ɗauka layi ɗaya ne.

Wannan zaɓi na ƙarshe daidai ne, domin layi ɗaya ba ya taɓa cutar da kowa. Sai dai yana haifar da irin matsalar da ba ta kuka. Allon zai tashi, katin zai karantu, ba saƙon kuskure ko guda, amma na'urar tana gudun kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta iya. Ana iya sayar da dubban irinta a haka ba wanda ya lura, sai dai a yi ta zargin katin da nawa. Kuma ba kati mai tsada da zai gyara, tunda duk matakan gudu na UHS-I, tsarin saurin katunan SD, har da SDR50 mai megabayit 50 a daƙiƙa da SDR104 mai 104 a agogon 208 MHz, a kan layi huɗu kaɗai suke aiki. Haka matakin gudu na HS400 na eMMC, wanda ya zo da sigar 5.0 a 2013, ba ya yiwuwa sai da takwas. Wanda ya manta da sifa guda a bishiyar na'urori ya rufe wa kansa duk waɗannan ƙofofi.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Yawancin masu sarrafawa suna bin tsarin bai-ɗaya da ake kira SDHCI, kuma direbansa a Linux yana da nasa ra'ayin. Rajistar iyawa ta SDHCI tana da bit na 18 mai cewa guntun ya iya layi takwas, amma ba ta da makamancinsa na huɗu, domin an ɗauka kowa ya iya. Don haka direban yana ɗaga tutar huɗu da kansa, sai in an ce masa ƙarara allon layi ɗaya gare shi. Game da takwas kuwa ya ƙi yarda da rajistar, kuma marubutansa sun bar dalili a rubuce: guntu na iya iya takwas alhali allon bai fito da ƙafafun ba. Ke nan shirun da a wani direba ke nufin layi ɗaya, a nan yana nufin huɗu. Wanda ya saba da ɗaya ya koma kan ɗayan zai iya shan mamaki. Mafita ita ce a rubuta sifar a fili ko yaushe, kada a bar wa direba ya yi hasashe.

Juya mai sarrafawar kansa ƙaramin aiki ne. Sashen tsakiya na MMC yana sa sabon faɗin a cikin tsarin mmc_ios ya kira set_ios na direban guntun. A SDHCI na asali, rajistar da ke adireshi 0x28 ce: bit na 1 na huɗu, bit na 5 na takwas. Wasu kamfanoni sun ɗan kauce, kamar masu sarrafawar i.MX da suka haɗa faɗin a gurbi guda mai bit biyu, shi ya sa aka bar wa kowane direba damar kawo nasa set_bus_width. Wani abin da ke rikita sababbi shi ne lambobin da ke cikin mmc_ios: 0, 2 da 3 ne, ba 1, 4 da 8 ba, domin suna nuna sau nawa ake ninka ɗaya gida biyu ne. Mai duba fayil ɗin ios a ƙarƙashin /sys/kernel/debug/mmc0 da ya ga 2 a gurbin faɗi, layi huɗu ake nufi. Wannan fayil ɗin shi ne wurin farko da ya kamata a leƙa idan ana zargin kati da rashin gudu.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne eMMC. A nan ko katin ma ba a iya tambayarsa. Yana da babbar rajista mai bayit 512, EXT_CSD, amma babu gurbi a cikinta da ke lissafa faɗin da ya iya. Gurbin faɗin, bayit na 183, na rubutu ne kawai, ba a karanta shi. Ana rubuta 0, 1 ko 2 don layi ɗaya, huɗu ko takwas, sai 5 da 6 don huɗu da takwas a yanayin da ake aika bayanai a tashin bugun agogo da saukarsa. Ana yin rubutun da CMD6, katin ya riƙe DAT0 a ƙasa yana cewa a dakata har ya gama, sannan direba ya tambayi halinsa da CMD13 ya ga ko ya karɓa. To amma karɓar kati ba ta ce komai game da tagullar allo ba. Saboda haka aka yi abin da hankali ya ba da: a gwada a gani.

Gwajin iri biyu ne. Ƙa'idar ta tanadi CMD19 da CMD14 musamman don wannan. Mai sarrafawa ya aika wani zane sananne, 0x55 da 0xAA idan takwas ake gwadawa, 0x5A idan huɗu, katin kuma ya mayar da kishiyarsa, kowane ɗaya ya zama sifili, kowane sifili ya zama ɗaya. An zaɓi zanen ne yadda kowane layi zai hau ya sauka, maƙwabcinsa kuma yana yin akasinsa, don haka layin da ya yanke ko ya manne da na kusa da shi zai tonu. Matsalar ita ce ba duk masu sarrafawa ke jure wannan ciniki ba, don haka Linux ba ya yin sa sai direban guntu ya ɗaga tutar MMC_CAP_BUS_WIDTH_TEST. Ga sauran, dabarar ta fi sauƙi kuma ta fi burge ni. Direba ya riga ya karanta EXT_CSD a layi ɗaya ya adana. Bayan ya juya zuwa sabon faɗi sai ya sake karanta ta, ya gwama guraben da ba sa canzawa, kamar girman memorin da sigarsa. In sun dace, hanya ta yi kyau. In ba su dace ba, ko karatun ya faɗi, sai ya sauka daga takwas zuwa huɗu ya sake gwadawa. Gani ya kori ji.

Gwama wannan da abin da ake yi wa katin SD na gama-gari sai ka ga bambancin. A can ba a gwada komai. An ga tuta a bishiyar na'urori, an ga SCR, an aika ACMD6, shi ke nan. Kuma a jerin matakan Linux na katin da ba UHS ba, faɗaɗa hanya yana zuwa ne kusan a ƙarshe, bayan an gama karanta rajistocin katin a layi ɗaya. Wannan ne ke haifar da alamar da ta fi kowace rikita mutane. Ƙwaya ta sanar cewa ta ga sabon kati, ta faɗi sunansa da girmansa daidai, mmcblk0, sunan da Linux ke ba katin, ya bayyana, sannan a yunƙurin farko na karanta teburin rabe-raben katin sai kurakurai su ɓarke. Mutum ya ce ai katin ya karantu, to matsalar ta tsarin fayil ce ko katin jabu ne. Alhali duk abin da ya gani daidai ta layin umarni da DAT0 ya biyo. DAT1, DAT2 da DAT3 ba su ɗauki bayanai ko sau ɗaya ba sai a wannan karatun da ya faɗi.

Ana iya kare wannan tsari. Ramin SD layi huɗu gare shi kusan ko'ina, kati kuma dole ya iya huɗu, to gwajin me? Amma ramin SD ne ke shan ƙura da tsatsa da lanƙwasar ƙafa, shi ake zura wa adafta mai arha tsakanin microSD da babban rami, ba eMMC da ke liƙe da dalma ba. In da inda gwaji ya fi cancanta, nan ne. Kuma kayan gwajin suna nan: ACMD13 yana dawo da bayanin halin kati ta layukan bayanai, kuma bit biyu na farkonsa suna faɗin faɗin da katin ke kai. Mai rubuta direba don ƙaramar babbar manhaja tasa ba zai yi asarar komai ba in ya ƙara wannan karatu guda bayan ACMD6.

Abubuwan da ke kashe layukan sama ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu. Na farko shi ne rabon ƙafafu. A firosesocin zamani ƙafa guda na iya zama ta kati, ko ta siriyal, ko ta kunna fitila, kuma wani sashe na bishiyar na'urori ne ke zaɓa. Sau da yawa a rubuta faɗi 8 a wuri ɗaya, a wurin rabon ƙafafu kuwa huɗu kawai aka ware. Na biyu shi ne rasistocin da ke jan layi sama idan ba mai magana, waɗanda ƙa'idar SD ta sa tsakanin kilo-om 10 zuwa 100. Na uku shi ne tsawon zare: a gudu mai yawa, in wani layi ya fi 'yan'uwansa tsawo sosai, bit ɗinsa zai makara. Wannan na ukun ba a maganinsa da rage faɗi, da rage agogo ake gane shi. Shi ya sa gwaji biyu ne ke raba gardama. A mayar da faɗi 1: in kuskure ya ɓace, laifin yana kan layukan sama. A bar faɗi a rage agogo: in ya ɓace, laifin ingancin sigina ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya a gwajin farko a kira shi gyara. Sau da yawa faɗi 1 da aka sa don bincike shi ke bin na'ura har kasuwa.

Ba wai layi ɗaya ba shi da gurbi ba. Wani lokaci zaɓi ne na hankali. A guntun ESP32, layin DAT2 ya faɗo kan ƙafar GPIO12, wadda guntun ke dubawa lokacin tashi don ya zaɓi ƙarfin lantarkin da zai ba memorinsa na filasha. Rasiston da kati ke buƙata ya ja ƙafar sama, guntun ya ɗauka volt 1.8 ake so maimakon 3.3, na'ura ta ƙi tashi. Masu yawa sukan zaɓi layi ɗaya su huta. Sai dai ko a nan DAT3 ba a barinsa sakaka. Wannan ƙafar aiki uku take yi: layin bayanai ce, ana iya gane shigar kati da ita ta rasiston kilo-om 50 da ke cikin katin, wanda ACMD42 ke cirewa, kuma ita ce ƙafar zaɓi a yanayin SPI, wata hanyar magana da kati ta daban. In katin ya same ta a ƙasa lokacin da CMD0 ya iso, sai ya shige yanayin SPI, kuma ba ya fita sai an ɗauke masa wuta.

DAT1 ma yana da nasa aikin na biyu, a wajen SDIO, inda ba memori ne a ƙarshen layin ba, galibi guntun Wi-Fi ne. A can ana saita faɗi ta CMD52, a rubuta a rajista ta 0x07. Guntun yana jan hankalin firosesa ta DAT1. A layi ɗaya wannan ƙafar tasa ce shi kaɗai, ya ja ta duk lokacin da ya so. A layi huɗu kuwa ta zama ta bayanai, sai a ɗan tsakanin da aka ware zai iya amfani da ita, kuma hakan yana tafiya ne da agogo. To idan na'ura za ta yi barci, agogo ya tsaya, amma ana son Wi-Fi ya iya tashe ta fa? Linux yana mayar da guntun layi ɗaya kafin barci, ya sake faɗaɗa shi bayan farkawa. Ke nan faɗin ba abu ne da ake saitawa sau ɗaya a manta ba. Duk lokacin da aka ɗauke wa kati wuta ko aka sake tashinsa bayan kuskure, ya koma ɗaya, kuma dole a mayar da mai sarrafawa ɗaya tare da shi. Direban da ya manta da wannan zai yi aiki lafiya har zuwa barcin farko.

Faɗin yana ratsa wasu saituna ma. Dunƙulen da eMMC ke aikowa lokacin daidaita lokacin karatu a matakin gudu na HS200 bayit 128 ne a layi takwas, 64 a layi huɗu, kuma dole direba ya san wanne zai jira. Ajin wutar da ake ba katin ya yi amfani da shi ma yana da lamba daban ga huɗu da takwas. Sai kuma wanda ke gaban babbar manhaja gaba ɗaya: bayit na 177 na EXT_CSD, mai faɗin faɗin da eMMC zai yi amfani da shi lokacin da firosesa ke ɗauko manhajar tashi daga gare shi. Wannan ba ya gogewa in an kashe wuta. In aka rubuta masa takwas alhali manhajar da ke ƙone a cikin firosesa ɗaya take jira, na'urar ba za ta kai ga inda direba zai gyara komai ba.

Takwas ce iyaka, kuma da alama a nan za a tsaya. Yawan layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa yana ƙara wahalar sa su iso tare, shi ya sa sababbin ƙa'idoji suka bar wannan hanya. UHS-II, da ya zo da SD 4.0 a 2011, ya ƙara sahu na biyu na ƙafafu masu aika bit a jere ta tagwayen wayoyi, ya kai megabayit 312 a daƙiƙa. SD Express na 2018 ya ɗauko PCIe da NVMe, hanyoyin da ma'ajiyar kwamfuta mai sauri ke bi, ya kai kusan 985, wani sabon tsarin memori mai suna UFS kuma ya maye gurbin eMMC a manyan wayoyi. Amma waɗannan katunan duka suna riƙe da tsohon sahun ƙafafu, kuma in aka zura su a ramin da bai san sabon yare ba, UHS-I suke komawa. A irin wannan ramin, katin da ya iya kusan gigabayit a daƙiƙa zai jira ACMD6 kamar kowa, kuma iyakar gudunsa tana hannun wanda ya rubuta 4, ko ya manta bai rubuta ba, a bishiyar na'urori.